Ambulan Shida Cikin Kwalla

Cikin duk shekarun da na yi ina aiki a gidan wanga, akwai rana guda da ba ta taɓa fita raina ba, kuma tunda kun ce in ba ku labarinta, ɗiyana, ku gyara zama. Shekarar da rana ta yi duhu da hantsi har kaji sunka koma akurki, ita ce. Fara ta riga ta zo ta wuce, yunwar da ta biyo bayanta ma mun fita, mutane sun fara samun bakin dariya. An yi ruwan farko, ba a kai ga shuka ba. Lokacin nan a Illela wayar hannu ba ta wuce aljihun manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ba.

Ni manaba ce a lokacin. Ga wanda bai san aikin buro, wato ofis, ba, manaba shi ne na ƙasan kowa: shara, ɗaukar ruwa, jera benci, wanke kofuna. Sama da ni akwai gardi, Malam Idi. Sama da mu duka akwai Darakta, Mushe Abdu (Mushe muke ce wa malamin boko), wanda ƙungiyar matasa ta ɗora a kan gidan wasanninta. Da aikin nan nake ciyar da kaina da jikokina mata biyu. Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga ajin boko ba, ko sunana ban iya ganewa a takarda. Amma kafin in zo nan na yi shekara goma sha biyu a injin niƙa ina karɓar kwanonin mata, kuma ban taɓa miƙa wa wata garin wata ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Wasan kati ne ya kama gari a shekarun. Ba karta ba, kati ne ƙanana da ke zuwa cikin ledar wani biskit da ake shigowa da shi ta Konni. Kowane da hoton ɗan ƙwallo, a ƙasa kuma lambobi uku: ƙarfi, gudu, da dabara. Yara sunka fara tarawa, sai ga magidanta sun ƙwace abin. Mutum ya zaɓi kati ashirin cikin waɗanda ya tara, ya jera su yadda ya ga dama, shi kaɗai ya san jerin. In an zauna, wannan ya kira "gudu", kowa ya aje na samansa, mai babbar lamba ya ɗauke. Duk wayon yana cikin jerin. Wanda ya ga jerinka ya gama da kai tun ba a zauna ba.

Magana kuwa an sha ta. A majalisa wasu su ce caca ce da sabuwar riga, wasu su ce ai ba a aza ko dala, kuma in an tashi kowa yana komawa da katinsa. Ni ra'ayina na faɗa tun lokacin: abin da zai zaunar da jandarma da tela a benci guda suna dariya, ban ga laifinsa ba. Akwai kuma kati ɗaya mai bakin zinari, hoton wani mai tsaron gida, da ake kira Ango don wuyar ganinsa. A duk yankinmu mutum guda ya mallake shi, Mushe Ali na Tajaye. Har daga Malbaza ana zuwa kallonsa.

Sai ƙungiya ta shirya gasa. Anka yi kwana uku ana karawa, har mutum shida sunka rage. Anka aje wasan ƙarshe ranar Lahadi, don Darakta zai tahi Tawa taro, kuma sai ranar magajin gari zai samu zuwa miƙa kofi. Dokar gasa ita ce, ranar Alhamis kowane cikin shidan ya sa jerinsa cikin ambulan ya liƙe da kansa, Darakta ya buga hatimi. Ba a rubuta suna a kai, sai lamba, kuma ko mai ambulan bai san lambarsa ba, don kada a haɗa baki da wani a musanya. Takardar da ta ce lamba kaza ta wane ce, Darakta ya kulle ta a tirwar, wato durowar da ke ƙasan armuwar, babban kabad ɗinmu na katako, makulli a aljihunsa. Ni ce na karɓi ambulan daga hannun kowa ɗaya bayan ɗaya na kai tebur.

Da na ga zai sa su a armuwar na ce, "Mushe, gara na bayan armuwar ɗin nan. Kullum sai na kankare hanyarta."

Ya ce, "Inna Rabi, doka ta ce inda anka rufe su gaban shaidu, nan za su kwana."

Na ce, "Gara kuwa an karanta mata dokar?"

Mutane sunka yi dariya, shi bai yi ba. Yaro ne mai kirki, amma ba ya son a gyara masa magana gaban jama'a. Ya ce, "Duk wanda ya taɓa ambulan ɗin nan kafin Lahadi, ko ke ce, ya aje makullin gida ya koma ɗakinsa." Ya rufe, ya rataye makullin armuwar a ƙusarsa ta kullum, don nan ciki nake aje kofunan shayi.

Juma'a da safe na shigo shara. Jiƙar ruwan nan ta tayar da gara. Hanyar da na kankare jiya ta dawo, ta yi kaurin yatsa, ta hau ƙafar armuwar ta shige ta ƙasa. Na kara kunne jikin katako, ina jin su suna ci. Na buɗe. Ba su kai benen armuwar da ambulan suke ba, saura taki guda. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina lissafi. In na bari, kafin Lahadi abin da mutane sunka yi shekaru suna tarawa ya koma ƙasa, ni kuwa ba ruwana, ina da aikina. In na ɗauka, Mushe Abdu ya faɗi maganarsa gaban shaidu, kuma ba ya janyewa. Ba ni da waya, ba ni da wanda zai kai masa saƙo Tawa.

Na ɗauka. Na kwashe ambulan ɗin shida, na kakkaɓe kiyashin da na tarar sun taru a bakin ɗaya, na naɗe su a zane na wuce gida. Na wanke babbar kwallata ta aure, na shanya ta bushe, na sa kowane cikin tsumma daban, na rufe, na ɗora a ragaya. Abin da ke rataye a ragaya, gara sai dai ta hanga. Tirwar kuwa na ja na ja, ba ta buɗu ba.

Niyyata in riga kowa zuwa ranar Lahadi in gaya wa Darakta da bakina. Ashe daga tasha ya wuce buro, ga 'yan wasa da magoya bayansu sun cika fili tun da sassafe. Ina shan kwanar gidan da kwalla a kai na ji hayaniya. An buɗe armuwar, babu ambulan. Malam Idi kuma ya riga ya ce ya ga na fita da ƙunshi ranar Juma'a. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ne.

Na shiga tsakiyarsu ban yi sauri ba. Na sauke kwalla a kan tebur na buɗe.

Darakta ya ce, "Inna, kin ji abin da na ce ranar Alhamis?"

Na ce, "Na ji. Ƙirga su, ka dubi hatiminka."

Ya ƙirga, shida. Ya duba, ba wanda anka taɓa. Ya ce, "Duk da haka doka doka ce. Bari in ɗauko takarda in ba kowa nasa, sannan ki ba ni makulli."

Ya sa makulli a tirwar ya ja. Gindinta ya zube a kan takalminsa. Ƙasa ce ja da gara fari fat suna motsi. Takardar sunaye, abin da ya rage bai kai tafin hannun jinjiri ba. Benen da ambulan sunka kwana kuwa, da ya danna shi da yatsa sai yatsan ya shige.

To, kun ga inda munka tsaya. Kati sun tsira, amma ba wanda ya san nasa. Darakta ya ce kansa ya cika da taron Tawa, ba zai rantse a kan lamba ko ɗaya ba. In an buɗe a duba, wani ya ga jerin wani, gasa ta rushe. Ga motar magajin gari ta tsaya a ƙofa. Sajan Buba, jandarma na Konni da ke cikin shidan, ya ce a ɗage kawai kowa ya sake jeri. Mutanen Badaguishiri, da ɗan garinsu ke cikin shidan, sunka ce su sun bar gonakinsu sun hau mota, ba za su koma hannu sake ba.

Na ce, "Ni zan ba kowa nasa."

Sajan ya ce, "Inna, ke da ba ki san bihim ba?"

Na ce, "Sajan, takardar ce ta ɓace, ba idona ba."

Darakta ya dube ni. Ya ce, "In kin kuskure ko guda, gasa ta mutu, ke ma kin tahi. In kin dace, sai mu yi magana." Anka yarda kowa zai karɓi wanda na ba shi, ya koma gefe ya buɗe shi kaɗai, in nasa ne ya ɗaga hannu.

Na ɗauki na farko. Ga tambarin babban yatsa na baƙin mai a kusurwa. Na ce, "Laminu makanike, zo ka karɓi kayanka, kuma ka riƙa wanke hannu." Ya koma gefe ya yage, ya ɗaga hannu. Fili ya ɗauki tafi. Na biyu na kai hanci. Na ce, "Alhaji Sani na Malbaza, ko a cikin kabari anka aje wannan, albasa za ta nuna mai shi." Ya ɗaga hannu yana dariya har hularsa ta faɗi. Na uku bakin liƙinsa ja ne. Na ce, "Sajan, wanda bai san bihim ba ya san yawun goro." Jandarmomin da sunka rako shi sunka fi kowa ihu. Na huɗu mai sauƙi ne, don Hamisu tela bai yarda da yawu ba, sai da ya zare allura daga wuyan rigarsa ya soke bakin, ramukan na nan.

Saura biyu. Mushe Ali na Tajaye da Mushe Yahaya na Konni, dukansu malaman lakwal, dukansu alli a hannu, ambulan biyu fari da ƙurar alli iri ɗaya. Cikin ɗaya Ango yake. Mutane sunka matso har Malam Idi na tura su baya da sanda. Na juya wannan, na juya wancan. Na shafa bakin liƙin da yatsa. Ɗaya sumul. Ɗayan kuwa kaushi-kaushi, kamar an ɗan gatsa shi da ƙananan haƙora. Sai na tuna kiyashin da na kakkaɓe ranar Juma'a, na kuma tuna wanda ya aje kofin shayi na uku kafin ya lashi ambulan ɗinsa, don ni na dafa, ni na ga sukarin da ya ƙara.

Na ce, "Mushe Ali, kiyashi sun ce a gaishe ka. Ka rage sukari."

Ya karɓa. Ya juya baya, ya buɗe. Sai ya ɗaga hannu sama, ga Ango a tsakanin yatsunsa, bakin zinarin na walƙiya. Ɗiyana, ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Matan da ke sayar da ƙosai a ƙofa sunka rangaɗa guɗa ba su ma san abin da ya faru ba. Magajin gari ya tambaya wace ce wannan, anka ce masa manaba ce. Ya ce, "To ina manyan?"

Anka zauna wasa. Anka yi ta zubar da mutane har ya rage Hamisu tela da Mushe Ali. A zagayen ƙarshe Ango kaɗai ya rage a hannun Mushe Ali, sai dai Hamisu ke da kira, kuma ya daɗe yana jiran wannan lokaci. Ya ce "gudu". Mai tsaron gida ina ya ga gudu? Wani ɗan kati da yara ke yarwa a bola shi ya kayar da Ango. Mutanen Illela sunka ɗauki Hamisu a kafaɗa har bakin shagonsa.

Da fili ya watse na ciro makullin gida daga bakin zanena na aje gaban Darakta. Na ce, "Ka faɗa gaban shaidu." Ya dubi makullin, ya sa hannu aljihu ya ciro na tirwar, wanda ba shi da sauran abin buɗewa, ya haɗa su biyu ya turo mini. Ya ce, "Inna, daga yau ajiyar gasa a hannunki take. Za mu rubuta cikin doka." Na ce, "Ku rubuta da ragaya a ciki." Ya rubuta kuwa. Shi ya sa har yau kuke ganin igiya rataye a rufin buro, sababbin zuwa na tambaya ta mece ce.

Abin da na koya, mai shara ya fi kowa sanin gini, don shi kaɗai ke sunkuyawa kullum. In kun ga abu ku faɗa wa na sama da ladabi, tun da wuri. Kuma duk abin da anka miƙo muku, ku dubi hannun da ya miƙo shi, kada ku tsaya ga lamba.

Malam Idi ya rasu, Alhaji Sani ma, Allah ya jiƙansu. Sajan anka yi masa canji zuwa gabas, ban sake jin labarinsa ba. Mushe Abdu yana Tawa ya yi ritaya, duk sallah sai ya aiko mini da turmin atamfa. Laminu na nan Badaguishiri, hannun nan bai wanku ba. Hamisu idonsa ya yi rauni, amma kofin na kan keken ɗinkinsa. Mushe Ali kuwa likita ya hana shi sukari, kuma in mun haɗu a kasuwa yakan ce ni na fara gaya masa. Kwallar tana ɗakina, a ragayarta.