Tsinken Tsintsiya a Littafin Maigidana

Komai zai iya ɓace mini a tsufan nan, amma ban da daminar da na yi a Fagge ina buɗe littafin da ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinsa ba. Yaran cocinmu idan suka gan ni da tabarau ina bin layi da yatsa, gani suke da karatu aka haife ni. Ina! Sai da na zama gwauruwa, na sha kaɗaici har ya ishe ni, sannan na san bambancin baƙi da baƙi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, Hausawa kuma Kirista. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo maigidana Kano, shi ne mai zuba kwal a kan jirgi. Muka kama ɗaki a wani gidan haya a Fagge, saboda kusa da tasha. Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka daga ni sai shi. Duk safiyar da yake gari, kafin ya sha koko, zai ɗauko Littafi Mai Tsarki ya karanta mini sura guda, a jere yake bi ba ya tsallake. In ya gama sai ya sa tsinken tsintsiya a inda ya tsaya. Yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗa: abin da kunne ya ji da safe, hannu ya taɓa shi kafin rana ta faɗi. Sau da yawa ya ce in zauna ya koya mini, ni kuwa in ce, “Ga ka, me zan yi da karatu?” Wauta ce ta mai miji, wadda take ganin kullum haka za a zauna.

Zazzaɓi ya kama shi a hanyar Nguru gab da faɗuwar damina. Kafin mako ya zagayo mun kai shi makwancinsa. 'Yan coci suka yi kirki, suka zo suka yi addu'a, kowa ya koma harkarsa. Nan na gane matsayina. A Fagge ni ce 'yar mishan, ana gaishe ni da mutunci amma ba a zama. A Sabon Gari kuma, inda Kirista suka fi yawa, ni ce Bahaushiya, ana yi mini murmushi a ci gaba da hira da yaren da ba na ji. Na zama kamar jemage, tsuntsaye ba su ɗauke ni nasu ba, dabbobi ma haka.

Wan maigidana ya zo daga ƙauye don kayan mamaci. Ya tattara riguna da keke da fitila, na bar masa. Da ya miƙa hannu kan littafin sai na riga shi.

“Yaya, wannan dai a bar mini.”

“Ki yi me da shi, ƙanwata? Ke ba karatu ba. Ga ɗana can yana makaranta, cocin ƙauyenmu kaf littafi ɗaya gare mu. Maganar Allah ba kayan jere ba ce.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na yi ta kuka har ya sassauta, ya ce shi ke nan, in riƙe shi zuwa kaka. In ya sayar da gyaɗa zai dawo ya tafi da shi.

Kullum da safe, lokacin da ya saba karantawa, sai in shimfiɗa tabarma in buɗe inda tsinken yake. In zuba wa baƙaƙen ido, su ma su zuba mini. Ina jin jiniyar jirgi daga tasha, ina jin masu tallan koko, ɗakin kuwa shiru kamar an yi shara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsinken nan ba ya motsi. Na sa a raina cewa abin da ke gaban tsinken saƙo ne Ubangiji ya ajiye mini, ga shi a hannuna, amma ba ni da hanyar ji.

Na nema, kada a ce ban nema ba. Fasto ya zo gaisuwa, ya karanta inda ya zaɓa, kunya ta hana ni cewa matar mai karatu a coci ba ta san ko “a” ba. Namiji kuwa ba zan kira ɗakina kowace safiya ba, bakin mutane ya fi wuƙa kaifi. Ran nan na naɗe littafin a zane na tafi kasuwar Sabon Gari wurin wata Inyamura mai sayar da busasshen kifi, mace mai kirki, ko za ta karanta mini. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce da 'yar Hausarta, “Mama, nawa daban, naka daban.” Ashe nata da yarensu aka rubuta shi. Ta ƙulle mini kifi a ganye ta dafa kafaɗata. Na dawo a ƙasa cikin yayyafi, kifi a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ina kuka ba mai tambayata.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wani akawu ce, mutumin Yola. Matarsa yarinya ce Bafulatana, tana cikin kulle, ba ta da yawan magana. Mun daɗe muna gida ɗaya, tsakaninmu sai “ina kwana”. Ni na ɗauka girman kai ne irin na 'ya'yan malamai. Da kitso nake ci a lokacin, wata rana mai yi mata ta yi tafiya, sai ta leƙo ta ce, “Adda, ko za ki taimaka mini da kaina?” Adda a wajensu yaya ke nan. Rabon da wani maƙwabci ya kira ni da sunan zumunci har na manta.

Ta zauna tsakanin gwiwoyina ina tsaga. Can ta ce, “Adda, kullum ina hango ki da littafi, amma ban taɓa ganin kin juya shafi ba.”

Hannuna ya tsaya cak. Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗa mata komai. Ashe ta yi elementare a garinsu kafin aure. Ta ce sai ta tambayi Malam, wato mijinta. Washegari ta dawo ta ce ya yarda, ya ce taimakon maƙwabci ba ya ɓata addinin kowa. Ta wanke hannunta tas kafin ta karɓa.

“Ni fa ina nan kan addinina, Adda.”

“Ni ma ban ce ki matsa ba. Bakinki kawai nake aro.”

Ta zare tsinken. Na shirya jin maganar da za ta share mini hawaye. Me zan ji? Labarin wasu mutane da suka dawo daga bauta suka tarar ganuwar garinsu ta zube, suka tashi gyara. Wane ya gyara nan, na kusa da shi ya kama daga can, maƙera da masu turare, har da wani da 'ya'yansa mata. Sunaye kuwa masu karya harshe. Ta kama wannan ta faɗi, ta kama wancan ta yi tuntuɓe, ga Hausar tata mai gardin Fulatanci. Ta ɗago ta ce, “Kai, Adda, mutanen nan ba su tausaya wa masu kiransu cin tuwo ba!” Dariya ta ƙwace mini. Tun ranar jana'iza ban yi ba, na yi ta yi har ta koma kuka.

Da ta tafi raina ya ɓaci. Na ce, Ubangiji, duk jiran nan aikin gayya ka ajiye mini? Sai maganar maigidana ta dawo mini, cewa abin da kunne ya ji hannu ya taɓa. To me zan taɓa a nan? Na tuna an ce wasunsu sun gyara daidai inda ke fuskantar gidajensu. Na ɗaga labule. Abin da ke fuskantar ɗakina ƙofarta ce, taku kaɗan, ban taɓa shiga ba.

Da la'asar na dama fura na yi sallama. Na same ta zaune ita kaɗai ta tasa wata 'yar hular jariri a gaba. Ashe kafin su zo Kano ta binne ɗanta na fari, ba uwa kusa, ba 'yar'uwa, mijin yana ofis wuni. Abin da na kira girman kai, irin ciwona ne. Daga ranar na zama mai yi mata cefane, mai raka ta asibiti, ita kuma ta zama malamata. Da gawayi take rubuta mini baƙaƙe a bayan faranti. An ce gemu ba ya hana ilimi, to ni ko gemun ba ni da shi, sai taurin kai. In ta ji kiran salla ta miƙe, in jira ta. Tsinke ya fara tafiya.

Ba mu kai kaka tare ba. Aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa gabas. Na raka su tasha, ta riƙe hannuna ta taga tana cewa, “Adda, kada ki tsallake masu wuyar.” Ban sake ganinta ba, ban kuma san inda ta ƙare ba.

Da wan maigidana ya dawo, ban roƙe shi ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na buɗe inda tsinken yake, wanda ya yi nisa da inda ƙaninsa ya bar shi. Na fara bi da yatsa, ina haɗa baƙi da baƙi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya saurara har na kai aya. Ya share ido da bakin riga ya ce, “Ƙanwata, littafi ya sami mai shi.” Ya tafi hannu wofi. Na fito da gudu in ba malamata labari, sai na tarar da ƙofar da ke kallon tawa a garƙame da kwaɗo. Na daɗe a tsaye a tsakar gida da littafin a ƙirjina.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, ba kullum maganar Allah take zuwa da lallashi ba, wani lokaci aiki take ba ka, lallashin yana cikin aikin. Har yau in na gama karatun safe na mayar da tsinke, sai na ɗaga labule na duba ƙofar wa ke kallon tawa.