Tsarabar da Ba Mu Saya Ba

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Bauchi, ni da yayata. Ku da kuka saba karanta tafiye-tafiyena kun san ba na ɓoye komai, har kujerar da na zauna nakan faɗa, amma wannan karon ba zan ambaci garin da muka taso ba. Ku yi haƙuri, za ku ji dalili.

Yayar tawa malamar jami'a ce, fanninta halayyar masu laifi. Shekarun nan ta duƙufa kan mutanen da ke bibiyar wani ba dare ba rana, da yadda ake gane wanda zai tsaya a kallo da wanda zai kai hannu. Ni dai na ɗauka aikin marasa abin yi ne, har nakan tsokane ta da Malamar Bin Sawu. Gwaggonmu ta Ƙofar Ran ce ta kira ta, wai ta zo ta yi wa autarta faɗa, yarinya ta rame ta daina barci don kawai wani ya ce yana son ta. Ni kuwa masar Bauchi ce ta fito da ni, ba zan yi muku ƙarya ba.

Damina ta zauna sosai, duwatsu sun yi kore shar, shanu na kiwo har bakin kwalta. Direbanmu kuwa ba ya wuce rami sai ya shiga ya gaishe shi. Mun tsaya sayen gasasshiyar masara, kuɗin da aka faɗa ya sa na tambayi mai ita ko har da gonar ake bayarwa. Kafin azahar muna cikin keke a lungunan Ƙofar Ran, inda katangar wannan gida ke jingine da ta wancan, kowa kuma ya san abin da maƙwabcinsa ya ɗora a murhu.

Ba mu gama gaisawa da Gwaggo ba wata maƙwabciya ta yi sallama ta miƙo kula, ta ce a ƙofa aka ba ta a kawo wa baƙi. Masa ce da zafinta, ga miyar taushe, ga man shanu yana narkewa a kai. Wa yake tambayar abincin baƙi daga ina ya fito? Na wanke hannu na ci har na ji kunyar kaina.

Ina lashe yatsu Auta ta dawo daga shagon ɗinkinta na Wunti. Idonta na sauka kan kular nan, sallamar da ta fara ta maƙale.

"Inna, wa ya kawo wannan?"

"Yo wa kuwa?" in ji Gwaggo. "Jiya da ya zo gaishe ni na ce masa ina da baƙi. Yaron kirki, ko shigowa ba ya yi, daga zaure yake durƙusawa."

Nan take na ture kular daga gabana.

Yaya ta ja Auta ɗaki, na bi su. Ba ta yi mata faɗa ba, tambayoyi ta dinga yi a hankali. Ashe bara mutumin ya kawo ɗinkin ƙanwarsa sau ɗaya, ya ce yana so, Auta ta ba shi haƙuri. Tun daga nan kullum yana tsallaken titi yana kallon shagon. Ta canja lamba, ya samo sabuwar. Ta gudu gidan ƙawarta a Fadaman Mada ba tare da ta gaya wa kowa ba, da safe ta tarar da takalmanta da ta bari da taɓo a bakin ƙofa an wanke su tas, an jera, an juyo su yadda za ta zura ƙafa.

Yaya ta tambaye ta ko ya taɓa yi mata barazana. Auta ta ce a'a, sai dai ya ce ko ba a duniya ba tare za su zauna. Ta tambayi aikinsa. Auta ta ce ya daina zuwa aikin, ya sayar da babur ɗinsa, kwanan nan ma ya bar kira, sai aiken abinci. Na san yayata tun ina goye a bayanta, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Daga baya ta bayyana mini cewa su a fanninsu ba ladabin mutum suke dubawa ba. Suna duba ko "a'a" na ƙara masa ƙaimi, ko yana ƙara matsowa, ko kuma ya saki rayuwarsa ya riƙe ta wani. Ta ce wanda ya bar sana'a ya fara zancen lahira ba shi da sauran abin da yake tsoron rasawa.

Gwaggo ba ta yarda da sauƙi ba. "So ne fa, 'yar nan. A zamaninmu naci ake ce masa, kuma da shi aka auro mu."

"Gwaggo, mai so in aka ce masa a'a yakan ji ciwo ya tafi. Wannan bai ma ji an faɗa ba."

"To in kori mai gaisuwa? Me unguwa za ta ce?"

Sai Yaya ta sa Auta ta maimaita zancen takalman a gabanta. Da Gwaggo ta ji, sai ta ce a fitar mata da kular nan daga gida.

Washegari kawunmu ya raka mu wurin mai unguwa da 'yan sanda, daga nan muka wuce Wunti don rufe shago. Kasuwa cike, keke da babur ba mai jiran wani, kekunan ɗinki na ta ƙara. Na tsaya wurin wata Bafulatana na yi cinikin man shanu a kwalba mai ɗaurin jan zare, ba mu daidaita ba na ajiye. Duk namijin da na gani a tsaye sai na ƙura masa ido, amma ba wanda ya kalle mu. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro.

Yaya ce ta shirya fitar. Auta za ta bi ta gidan maƙwabta ta shiga motar Kawu, ya kai ta wani gari daban, mu kuma mu fito ta ƙofar gida da akwatinta, mu ɗauki shatar mota a tasha. Abin da ya fi yi wa Gwaggo ciwo shi ne an hana ta kai 'yarta sallama gida-gida. Tana kuka tana cewa auta guda za ta bar unguwa kamar ɓarauniya. Na tausaya mata, amma bakin nan nata mai amsa kowace gaisuwa shi ne ƙofar da mutumin ke shigowa.

Da gari ya waye muka taso, da la'asar muka iso ƙofar gidana. Direba ya sauke kaya, sannan ya miƙo mini wata baƙar leda.

"Hajiya, ga tsarabarku. Ɗan'uwanku ne ya ba ni a tasha. Ya ma karɓi lambata, ya ce zai kira ya ji inda na sauke ku lafiya."

Kilishi ne ƙulli uku, alhali mu biyu ne a motar. A ƙarƙashinsu ga kwalbar man shanu mai ɗaurin jan zare.

Yaya ta roƙi direban kada ya amsa, ta ɗauki hoton ledar ta aika wa Kawu ya kai inda suka kai ƙara. Direban ya yi alkawari, amma na ga idonsa, bai gane laifin da ke cikin tambayar lafiyar matafiya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Gaisuwa da kyauta da abincin baƙi, abubuwan da aka raine mu a kai, mai mugun nufi ma ya iya su, wataƙila ya fi mu iyawa. Har yau ban san fuskarsa ba, shi kuwa ya tsaya kusa da ni har ya ji cinikina. Yanzu in aka yi sallama a ƙofata sai na leƙa kafin in amsa, ni da ko kulle gida ba na yi da rana.

In kana cikin masu karanta wannan, kamar yadda nake zato, to ka ji da kyau: Auta ba ta wurina, akwati kawai ka raka. Kilishinka kuma ba wanda ya ci.