Farin zanen Anti Abena

Ina shara yau da safe labari ya same ni. Anti Abena ta rasu a Kumasi.

A wannan guruf ɗin namu na waya, na tsofaffin 'yan sansanin hutu, na gani. Anti Laraba ce ta sa hotonta, ta rubuta wai "uwarmu cikin Ubangiji ta huta." Kafin in ajiye tsintsiya an cika wurin da amin da hoton fure.

Uwarku? Yau ce ta zama uwarku?

Kun san ni ba mai rubutu a nan ba ce. Karatuna bai wuce firamare da nisa ba, kuma magana cikin mutane wahala take ba ni tun ina yarinya. Amma yau sai na faɗa.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, majami'armu ta shirya wa yara sansanin dogon hutu a wata firamare a Kafanchan. Mako uku muna kwana a aji kan tabarma, ana koya mana waƙa da aya da ɗinki. Anti Abena ɗalibar makarantar horon malamai ce daga Ghana. Da kanta ta zo taimako, ba wanda ya biya ta ko sisi.

Ni daga Madakiya aka kawo ni, shekarata goma sha uku. Ba na iya turereniya a layin abinci, kullum ni ce ta ƙarshe. Cikin kwana biyu kawai Anti Abena ta lura. Daga nan sai ta riƙa ajiye mini gwate a kwanonta, ta ce, "Rifkatu, zo ka ci, kafin kurayen nan su gani."

Hausarta ta zangon Ghana ce, kowa "kai" ne a bakinta, har matar fasto.

A mako na biyu na tashi na ga jini a tabarmata. Ban taɓa gani ba. Aka buga ƙararrawar sujadar safe, kowa ya fita, ni na ƙi motsi. Anti Abena ta dawo nemana, ta ɗaga mayafina, ta duba. Ta ɗauko farin zanen da take rufa da shi, mai shuɗin baki, wanda duk sansanin ya san nata ne, ta kama da haƙori ta yaga shi gida huɗu. Ta nuna mini yadda ake naɗewa.

Ta ce, "Ba ciwo ba ne. Ka zama mace ne kawai."

Ina kuka, na yi dariya.

Ta ce in wanke in shanya inda ba kowa. Amma kakata ta sha faɗa wa yayyena a gabana cewa tsumman jinin mace ba a bari ido ya gani, mugu zai ɗauka ya ɗaure mahaifa. Saboda haka na binne guda ɗaya a bayan ajinmu.

Alade ya tono shi.

A makon nan kuma yara da yawa suna gudawa, don ruwan sama ya kwarara cikin rijiya. Ba wanda ya tuna da rijiya. Abin da aka gani shi ne farin ƙyalle, da jini, a binne, a bayan ɗakin yara, kuma na baƙuwa.

Aka tara mu ƙarƙashin mangwaro. Dattijon da ke shugabantar sansanin ya ɗaga tsumman da sanda, ya juya ga Anti Abena.

"Wannan naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Jinin mene ne?"

Ta yi shiru.

"Wa ya binne?"

Ta yi shiru. Ko inda nake ba ta kalla ba, alhali tsakaninmu bai fi taku uku ba.

Anti Laraba, ke ce babbar 'yan mata a lokacin. Ke kika fara ihun "Mayya ce! Dama mutanen Ghana sai tsafi!" Sauran suka karɓa. Wasu da suka rubuta amin yau, su suka jefe ta da ƙwallon mangwaro. Ba zan kira suna ba, kun san kanku. Iyaye mata na zumuntar matan majami'a suna zaune a wurin, mata ne da suka haihu, amma ba wadda ta kalli tsumman nan ta ce ku tsaya, na san ko mene ne wannan.

Ni kuwa na sunkuyar da kai. Fushina da kaina ya fi wanda nake yi da ku.

Washegari aka ce ta tafi. Ba wanda ya yarda ya taɓa akwatinta, sai ni na ɗora a kai har tashar jirgin ƙasa. Muna jiran jirgin Legas na ce, "Anti, zan koma in faɗa."

Ta riƙe haɓata. "Rufe baki. Idan ka faɗa, za su yi maka waƙa har ka tsufa. Ni jibi ina gidanmu, kai nan ne gidanka."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na rufe bakin. Na yi aure, na haihu, na ga jikoki, ina jin ana ba da labarin "mayyar Ghana" a wurin biki ana dariya, ina wanke kwanuka kamar ban ji ba.

To ga shi yau a gaban kowa. Jinina ne. Ni na binne. Matar nan ba ta yi wa ɗan kowa komai ba.

Anti Laraba, na ga kina da lambar 'yarta. Ki aika mata wannan, a fassara mata duka, har da inda sunanki yake. In ba za ki iya ba, ki cire hoton.

Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka Abena, ka ba ta hutun da muka hana ta a garinmu. Ka ta'azantar da 'ya'yanta. Ni ma ka gafarta mini.

Duk wanda ya karanta, ya yi mata addu'a da sunanta. Wanda yake ƙarƙashin mangwaron nan ranar kuwa, ya fara da neman gafara tukuna.