Wutar da Isiyaku Bai Karɓa Ba

A gidanmu na Madabo, idan an sauke tuwon dare ba a kashe wuta nan da nan. Iya Fanna, kakata ta wajen uba, ita ce take hanawa. Takan jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da murhu, ta tura dankali cikin toka da guntun itace, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo wajen ɗumi. Da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye ta, ni da yayata Binta da 'ya'yan baffanmu, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi. Asalin Iya Barno ne, kodayake a Kano aka haife ta, kuma har ta koma ga Allah akwai kalmomin da harshenta bai yarda ya faɗa irin namu ba. Ni take kira maigidanta.

"Maigida, yau ma hannu rabbana ka zo min? Ina cefane?"

"Iya, ai kin tsufa. Na fasa auren."

"Ja'iri. To matsa can, kada ka ci min dankali."

Sai ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa, wa zai ba ta wuri?" Mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take."

Yawancin abin da take ba mu na dabbobi ne da aljanu. Amma akwai guda ɗaya da sai sanyi ya kama sosai take tunawa da shi, kuma kullum takan fara da cewa wannan ba ƙagawa ta yi ba, daga bakin mahaifinta ta ji. Sunansa Malam Bukar. Yana saurayi ya bi ayarin fatake da ke kai jar fatar Kano ta cikin sahara har Tarabulus, garin da ke bakin teku. A can ya sami masauki a wani babban gida mai tsakar gida ɗaya, inda iyalai da yawa suke zaune. Ɗakin da ke kallon nasa na wani Bayahude ne mai suna Isiyaku, da matarsa da 'ya'yansu ƙanana.

Duk ranar da ta zo nan sai Binta ta zaro ido. "Iya, Bayahude fa?"

"Bayahude mana. Mutanen Annabi Musa. Ke kin ɗauka ƙaho gare su? Hanci ɗaya, ido biyu, kamar na ubanki. Yi min shiru."

Isiyaku yana aiki ne a rumbun wani babban attajiri da ke sayen fata yana loda ta a jirgin ruwa. Shi ke ware fatu yana ɗaure su dami-dami. Da ɗan Larabcin da Malam Bukar ya tsinta a hanya suke gaisawa safe da yamma, har sabo ya shiga tsakaninsu.

Wata safiyar Asabar aka tashi da sanyin teku, irin wanda Iya ta ce yana shiga har cikin haƙori. Malam Bukar ya leƙo, ya ga hayaƙi na tashi a kowace ƙofa ban da ta Isiyaku. Kaskon wutarsu yana waje, toka ce kawai a ciki. Yaran suna zaune a dunƙule cikin bargo. Nan take ransa ya ɓaci, domin a garinmu idan wutarka ta mutu, guntun kasko za ka ɗauka ka shiga maƙwabta ka ɗebo. Gidan da ya kwana ba wuta alhali maƙwabta suna da ita, to an yi faɗa ne, ko an ƙi mutum. Ya ce a ransa, wato don addininsu daban shi ne aka hana su ko garwashi? Bai tambayi kowa ba. Ya samo fasasshiyar tukunya, ya ruga wajen mai gashin burodi a bakin titi, ya ciko ta da garwashi, ya dawo da sauri yana sauya hannu saboda zafi.

A nan Iya takan kwaikwayi gudun, tana yarfe yatsu tana hura su, mu kuwa mu yi ta dariya har wani ya faɗi a kan wani.

Ya iso ƙofar yana haki, sai Isiyaku ya tare shi da hannu biyu a sama. Ya ce, "Tsaya nan, ɗan'uwana! Allah ya saka maka, amma kai ta ɗakinka ka ji ɗumi. Ba wanda ya hana mu wuta. Yau Asabar ce. Daga faɗuwar ranar jiya har taurari su fito yau, ba ma kunna wuta, ba ma saye, ba ma sayarwa, ba ma ɗaukar kaya. Ubangiji ne ya ce mu ajiye."

Kunya ta kama Malam Bukar, ya rasa inda zai sa kansa da tukunyarsa. Isiyaku ya yi ta dariya, ya ce ya je ya ajiye ya dawo su ci abinci. Da Malam Bukar ya dawo, ya tarar da su cikin fararen kaya masu tsabta. Matar ta fito da tukunyar wake da ƙwai da ta binne cikin toka mai zafi tun jiya kafin rana ta faɗi, ƙwan har ya yi ja. Ga burodi an lulluɓe da farin ƙyalle. Aka ci ba gaggawa, yaran suna hawa jikin ubansu, shi kuma yana rera musu wani abu da harshensu.

Malam Bukar ya kasa haƙuri ya ce, "Amma wannan ai ɗauri ne. Ga sanyi, ga wuta a kusa, an ce kada ka taɓa."

Isiyaku ya ce, "Ni ma haka na ɗauka da. Da na zo garin nan ina yaro, na watsar da Asabar don in sami shiga wajen maigidana. Shekara da shekaru ba ni da ranar da zan ce tawa ce. Ya kira ni da asuba in tashi, ya kira ni ina cin abinci in ajiye. Na zama akalar raƙumi, duk wanda ya tsinta shi ke ja. Wata rana na fita da safe na rasa wace rana ce, sai da na tambayi mai jaki a hanya. A makon nan na ce wa matata, idan za ta kunna fitilar maraicen Juma'a ta jira ni, ina gida."

Bai rufe baki ba sai ga sallama. Wakilin attajirin ne da kansa, yana huci. Jirgi zai tashi kafin lokacin da aka sa, dole a gama ɗaure fata yau. Ya ce maigida ya gaji da wannan Asabar ɗin. Ya yi haƙuri a baya, amma yau in Isiyaku bai fito ba, kada ya sake taka ƙofar rumbun, akwai masu jiran gurbinsa.

Iya takan sassauta murya a nan. Matar ta sunkuyar da kai tana kallon yaran, don ba su da wata hanyar abinci sai wannan aikin. Malam Bukar ma ya matso ya raɗa masa, "Ka je mana, rana ɗaya ce. Allah yana ganin uzurinka." Sai Isiyaku ya miƙe, ya je bakin ƙofa ya ce wa wakilin, "Ka gaida maigida. Ka ce masa da taurari sun fito zan zo in yi aiki har gari ya waye, in yana so. Amma yinin nan ba nawa ba ne balle in ba shi. Yana da mai shi."

Wakilin ya tafi yana zage-zage. Isiyaku ya dawo ya zauna, ya ɗauki ƙwai ya ɓare wa ƙaramar 'yarsa.

"Sai aka yi yaya, Iya?" mukan tambaya, ko da mun sha ji.

"Sai aka kore shi mana."

"A'a, Iya! Ba attajirin ya dawo yana ba shi haƙuri ba? Bai tsinci tukunyar zinariya ba?"

"Maigida, kai dai ka cika son banza. Ba abin da ya tsinta. Gyaran takalma ya koma yi a gindin bango a kasuwa. Naman da suke ci ya ragu, rigarsa ta sha faci. Amma Baba ya ce har ayarinsu ya juyo gida, duk maraicen Juma'a zai ga Isiyaku ya tattara kayan aikinsa tun rana da saura, ya yi wanka, ya tafi wajen ibadarsu yana tafiya kamar sarki. To, na sauke ta nan, mai so ya ɗauka. A tono min dankalina."

Gaskiya a lokacin ba na son wannan labarin. Ina ganin Isiyaku ya yi wauta, Iya kuma ta ɓata ƙarshen. Na fi son waɗanda mugu yake faɗawa rijiya.

Na girma na gaji sana'ar gidanmu ta dukanci, ina ɗinka takalma. Allah ya haɗa ni da wani Alhaji mai sari da ke kwashe kusan duk abin da na ɗinka yana kaiwa kudu. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, amma tun da waya ta shigo hannu ba ni da lokacin da ba nasa ba. Ina cin abinci zai kira, ina wajen suna zai kira, in ce, "To, Alhaji, ga ni nan." Da furfura ta fara fito min na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma a wajen Ƙofar Na'isa, don na daɗe ina son in karanta abu da idona. Sau da yawa ina zama a benci wayar za ta yi ƙara, in tashi in bar darasi a tsakiya.

A irin wannan fitar ne wata rana Isiyaku ya faɗo min a rai, bayan shekarun da ban tuna da shi ba. Ni Musulmi ne, Asabar ba tawa ba ce, kuma ajin karatu bai kai matsayin umarnin Ubangiji ba. Amma sai a lokacin na gane abin da Iya take nufi. Dokar da na ɗauka ta ɗaure mutumin nan, ita ce ta ba shi wurin tsayawa. Da ya miƙa yini guda ga Wanda ya halicce shi, sai ya zama akwai wani yanki na rayuwarsa da babu attajirin da ya isa ya sa hannu a ciki. Ni kuwa ina da salloli biyar da Juma'a, amma har su a gurguje nake yi, kunnena yana aljihu.

Na sami Alhaji na ce masa lokacin salla da lokacin aji wayata a kashe za ta kasance. Ya dube ni ya ce, "Malam, da girmanka? Karatun me kuma yanzu?" Bai yi faɗa ba. Ya dai raba aikin, ya kai rabi wajen wani. Maiɗakina ta yi kwanaki tana lissafin abin da za a rage a gida, ni ma ban yi barcin kirki ba.

Ranar da na fara kashe wayar na fito daga Madabo zan tafi aji, ina ta taɓa aljihu. Haka na bi lunguna har na hango ƙofar gari. A nan ne na lura na rage sauri. Na tsaya na gaisa da wani tsoho mai sayar da goro, muka yi ta hira a kan ciwon gwiwa, don babu wanda ya aike ni.