Ranar da Muka Ƙi Barin Barau a Kibiya

Laraba, Rano zuwa Kibiya

Ana sallame sallar asuba muka fita ƙofar Rano da jakai shida, ni da abokin fataucina Barau, muna ɗauke da kayan wani Bature mai awon ƙasa. Tafintansa ya ce mana shi ba Ingilishi ba ne, daga wata ƙasar ƙanƙara ya zo, can arewa da su. Da hantsi muka sha fura a wata ruga, kafin azahar muka sauka gidan wani maƙeri a Kibiya.

Alhamis, Kibiya

Barau ya tashi da zazzaɓi, ko tsayuwa ba ya yi. Baturen ya duba agogonsa ya ce a bar shi, aiki na jira.

Na ce wa tafinta, "Gaya masa mu fatake ne. Tun tafiyarmu ta fari ni da Barau muka raba goro, muka yi Fatiha: tare muka fita, tare za mu koma. In ya ga dama ya ɗauki kayansa a ka."

Tafinta ya zare ido, amma ya faɗa. Baturen ya zauna a kan turmi. Ya ce kakanninsa ma fatake ne, ana ce musu Waranjiyawa. Da jiragen ruwa suke bin koguna har Istambul, inda ruwa ya yanke su ja jirgin a ƙasa. Ya ce ma'anar sunan ita ce abokan rantsuwa, mutanen da suka ɗaure wa juna alkawari.

Na ce, "To, ranka ya daɗe, su ma sukan yar da mutum in ya kwanta?"

Kunnuwansa suka yi ja, ya ce gobe a mai da Barau gida.

Juma'a, Kibiya zuwa Rano

Muka sauke kwanon wankansa da kujerarsa a gidan maƙeri, muka ɗora Barau kan jakin da ya ɗauko su. Sannu a hankali muka yi tafiyar, muna tsayawa duk inda muka sami inuwa. Baturen na biye a ƙasa. La'asar sakaliya muka shiga Rano.

Barau bai tashi ba. Ranar Litinin ya cika, a ɗakinsa, kansa a kan cinyar mahaifiyarsa. Na yi kuka sosai, har yau kuma ina kewarsa. Amma na gode wa Allah da bai sa na shiga gidan nan da rigarsa kaɗai a hannuna ba.