Inna Sumie da Ɓerayenta

Kafin kowa ya iso ɗakin bincike, Kuwabara Sumie ta riga ta jingine kekenta, ta sa farin takalmi, tana bin kejin ɓeraye da gaisuwa. Haka muka same ta, haka ta tsufa a cikinmu.

Aikinmu a kan wata ƙwayar gado ce ta ɗan Adam, mai samar da sinadarin da ke narkar da abin da ya riƙe tsoka da guringuntsi. In ya yi daidai, rauni ya warke. In ya yi yawa, ya cinye gaɓoɓi. Maganinsa muke nema, ɓerayen Sumie kuwa su ke ba da rayukansu.

Shi ya sa duk kaka ake hawa tudun bayan gini, wurin dutsen tunawa da dabbobi, a rusuna a nemi gafararsu. Mu farin fure muke kaiwa, ita kuwa 'ya'yan kabewa.

"Wa ya ce muku ɓera na cin fure?" in ji ta.

Ke ce ba ki taɓa fashi ba, Inna Sumie. Ke ce mai wanke dutsen tun kafin manya su iso.

Sai ga shi ciwon da muke yaƙa ya kama gwiwoyinta. Bana ta ajiye aiki. Ranar hawa tudun ta zo da sanda, ta tsaya gindin matakala, ta ɗaga ƙafa, ta kasa. Ta juya ga shugabanmu, Farfesa Tokunaga.

"Malam, na gama ciyar muku da ɓerayen. Ina maganin?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Tun kana da gashi kake faɗin haka."

Muka yi dariyar yaƙe. Aka ce a goya ta, ta ƙi.

"Mai zuwa neman gafara ba a goya shi." Ta damƙa wa Farfesa ƙullin 'ya'yan kabewar. "Ka ce musu ban manta ba."

Muka hau, muka bar ta tana kallon tudun.

Wallahi kewarki ta ishe mu, Inna. Har yau ba wanda ke ajiye keke a gurbinki. Mun gode. Duk mai cin amfanin wata halitta, ya koyi kunyarta a wurinki. Mu kuwa mun koma bakin aiki, don so muke baɗi ki hau tudun nan da ƙafarki.