Nomau, Mai Ƙona Tsafi Duk Shekara

Ranar baftisma an raɗa masa suna Ishaya, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da sunan ba sai shi kansa. A ikilisiyarmu ta Kankia Nomau ake ce masa. In baƙi sun zo daga kudu sai a ƙara masa da "tsohon mai tsafi", kamar wata sarauta. Mutumin wata unguwar Maguzawa ne a bayan Bauranya, ƙasar Kusada. Gajere ne, ga wuya kamar turmi, ga haƙori guda a gaba wanda ya ƙi bin 'yan'uwansa. Ubansa ne mai kula da tsafin gidansu, da ya mutu Nomau ya gaje shi, har da gona da tulun giya.

Fasto Benson, wanda ya zo mana daga kudu da Hausarsa ta kasuwa, ya daɗe yana kai wa'azi unguwar a kan babur, ba mai sauraronsa sai karnuka. Sai matar Nomau ta kwanta ciwo. Fasto ya goya ta zuwa asibiti, ya yi ta zirga-zirga, duk da haka ta rasu. Shi ya zauna makoki tare da Nomau har aka watse. Bayan 'yan kwanaki Nomau ya fito da kayan gadonsa a ƙofar gida: ƙahon rago, da layu, da wata tsohuwar ƙwarya mai gashin kaza a manne. Ya cinna musu wuta yana kuka kamar an yanka shi. Wannan wutar gaskiya ce, ba mai gaya mini akasin haka. Kafin damina ta zagayo gidaje sun bi shi, har rumfar zana ta kasa ɗaukar masu sujada.

Obi, mai shagon kayan babur kuma shugaban kwamitin bishara, shi ya ɗauki hoton wutar a waya ya tura wa uwar ikilisiya. Sai ga kwanon rufi, sai ga bencuna, sai ga baƙi.

To, aikin da ke biyo bayan tuba ba ya kyau a hoto. Koya wa tsohuwa karatu, sasanta wa da ƙane kan iyakar gona, lallashin wanda ya koma wa burkutu: wa zai shigo mota tun daga kudu don ya kalli wannan? Wuta suke so su gani, ga shi Nomau ya ƙona komai tun karon farko, ko tsinke bai rage wa baƙi ba. Sai Obi ya kawo dabara. A yi ɗan kwaikwayon ƙona tsafin, in ji shi, don tunawa kawai. Ya sayi ƙaho wajen mahauta, ƙwarya a kasuwa, gashi kuma kyauta wajen masu figar kaji. Shekarar farko an gaya wa baƙi kwaikwayo ne. Ta biyu aka manta. Daga nan mantuwar ta zama al'ada.

Malam Shehu mahauci, maƙwabcinmu Musulmi mai bakin tsiya, in ya hango Nomau a kasuwa sai ya ɗaga murya.

"Nomau! Bana ma za a tuba? In aje maka ƙahon rago ko na bunsuru?"

"Aje mani naka, Shehu, ya hi tsawo."

Sai a bushe da dariya, shi ma ya yi. Amma in ya juya, wuyan nan nasa sai ya shige cikin kafaɗa. A unguwarsu har yaran mata sun san lokacin: in an gama girbin gero, Baba Nomau zai sake karɓar Yesu.

Abu ɗaya ya sa yake haƙuri. Yana so a naɗa shi dattijon ikilisiya. Ba kujerar gaba ce ta dame shi ba. So yake ya riƙe tiren Jibin Ubangiji, gurasar nan da ake raba wa masu bi, ya miƙa wa mutanensa da hannunsa, a kira shi Dattijo Ishaya, kowa ya san tuban nan ya zauna. Kwamiti kuwa kullum amsarsu ɗaya: baɗi. Alhali shi ke riƙe da aikin. Fasto ya daina zuwa unguwar sai da dalili, babur ya tsufa, shi ma haka. Nomau ne in an taso daga gona zai ɗauko gurmin ubansa, ya zauna gindin tsamiya ya riƙa sa wa ayoyi kiɗa. Matan da ba su san baƙi ba, da wannan gurmin suka haddace Addu'ar Ubangiji.

Shekarar da za a buɗe sabon ɗakin sujada ta wajen Tafashiya, aka ce babban Rabaran, shugaban fastoci, da kansa zai zo, mutum mai ido kamar na shaho. Obi da Fasto suka tafi gidan Nomau shiri. Obi ya damu, ya ce ƙahonin Shehu sun cika sabunta, har ƙarnin mayanka suke yi. Yana cikin magana idonsa ya sauka kan gurmin a rataye: fata ta yi baƙi da hayaƙi, ga wuri an jera a wuyansa, ga ɗan tuntun gashin akuya.

"Baba, wannan fa? Kai, wannan shi ne kaya!"

"Wanga gurmi ne, Oga Obi. Da shi nike yabon Ubangiji."

"Na sani, na sani. Za mu sayo maka jita sabuwa, mai wuta."

"Ni da ko lantarki ba mu da shi? Na ubana ne. Shi kaɗai ya rage mani."

"To shi ya sa zai taɓa zuciya! Ka ji, Baba. Ka yi wannan, ranar nan Rabaran zai ɗora maka hannu ya naɗa ka dattijo. Na sa sunanka. Ko ba haka ba, Fasto?"

Nomau ya dubi mutumin da ya goyi matarsa a babur. Fasto Benson yana duban takalminsa, kamar yau ya fara ganinsa. Can ya ce, "Aikin Allah yana bukatar hadaya, Baba."

Ranar buki aka cika maƙil. Fasto ya hau mumbari ya sanar da Turanci da Hausa cewa yau za a hallaka tsafin da ya fi kowane ƙarfi a ƙasar nan. Nomau ya fito da sabuwar riga, wadda ya ɗinka don naɗi. Ya ɗora gurmin a kan itace da hannu biyu, yadda ake kwantar da jariri. Da wuta ta kama, tsirkiyar ta tsinke da wata ƙara, fatar ta fashe. Baƙi suka miƙe suna Halleluya, wata mata har da faɗuwa, wai ta ga abin ya fita. Matan unguwarsu dai suka ɗora hannu a baki.

Rabaran bai yi tsalle ba. Ya yafuto Nomau, Fasto yana fassara.

"Yaushe aka yi maka baftisma?"

"An jima, Baba Rabaran. Tun ba mu da rufi."

"Duk shekarun nan, ina wannan abin yake?"

"A ɗakina."

"Kana taɓa shi?"

Nomau bai iya ƙarya ba, sai wadda aka shirya masa. Ya ce, "Kullum. Waƙar Yesu nike yi da shi."

Fuskar Rabaran ta yi kamar hadarin Agusta. Sunan Yesu a kan tsafi! Ya juya wajen kwamiti ya tambaye su, wannan ne mutumin da suke so ya ɗora wa hannu? Kalma ɗaya ta isa ta wanke Nomau. Amma wanda zai faɗe ta shi ne Fasto, wanda ya gama rantse wa jama'a cewa tsafi ne, Obi kuma yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto, bai ko sauke ta ba. Nomau ya dubi Fasto. Ina jin har lokacin yana tsammanin wannan ma cikin shirin ne.

A nan take aka yanke masa horo: bencin baya, ba shi ba Jibin Ubangiji, sai ya nuna tuba ta gaskiya. Da yake an riga an shirya addu'ar naɗi, kuma ba kyau ta lalace, sai aka ɗora wa Obi hannu. Ya durƙusa yana hawaye. Shinkafar bukin ta yi daɗi, ba laifi.

Jitar ba ta zo ba. Gindin tsamiya yanzu awaki ke kwana. Wasu daga cikin mutanen unguwar sun daina zuwa, suna cewa in wanda ya kawo su ma bai shiga ba, su ina za su? Kwamiti ya tattauna batun, ya gano cewa laifin mugun misalin Nomau ne.

Shi kuwa bai fasa Lahadi ko ɗaya ba. Yakan turo kekensa tun daga Bauranya ya zauna a bakin ƙofa, inda rana ke dukan ƙeya. In an ɗauki waƙa sai ka ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Na yi imani Ubangiji yana ganin bencin baya sarai, sai dai ban ga alamar kwamiti na jin tsoron hakan ba.

Lahadin da ta wuce Dattijo Obi ya zagayo da tire. Ya miƙa wa na dama, ya tsallake Nomau, ya miƙa wa na hagu. Sa'an nan ya sunkuyo da murmushi, ya yi masa raɗa yadda duk bencin zai ji.

"Baba, kar ka damu. Baɗi Rabaran zai dawo, za mu roƙa a ɗage horon. Amma sai an ga shaida. Ka duba ɗaki da kyau, ko da sauran wani abu."

Nomau ya yi tunani da gaske. Can ya ce, "Tabarma ce ta rage. Sai ni."

Obi ya ce ya kawo tabarmar a gani.